Fim ya kammala, wa zai saya?

Furodusoshinmu da yawa sai fim ya fito daga ɗakin edita suke tambayar kansu inda za su kai shi. Kafin nan hankali yana kan labari da jarumai da kuɗin lokeshan, kuma duk wanda ya tayar da zancen kasuwa sai a ce masa a bari a gama aiki tukuna, in fim ya yi kyau ai shi zai sayar da kansa. Wannan magana ita ta jibge ɗaruruwan finafinai a cikin kwamfutoci, a Kano da Legas da Landan, ba wanda ya gan su sai masu su da 'yan uwansu. Kyan fim sharaɗi ne ɗaya kawai daga cikin sharuɗɗan mai saye, kuma mafi yawan sauran ba a iya cika su bayan an tashi daga lokeshan.

Akwai dalilin da ya sa wannan tunani ya yi wa 'yan fim ɗin Hausa wuyar shiga. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila da abin da ya biyo bayansu, kasuwa a shirye take tana jiran fim. Furodusa ya gama aiki, ya buga kwali, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su buga kaset, daga baya faifai, su watsa shi har Maraɗi da Damagaram da zangunan Kumasi. Ana kuka da tsarin, ana cewa 'yan kasuwa sun fi masu fim cin moriya, amma hanya ce sananniya, kowa ya san ƙofarta. Da waya ta maye gurbin faifai, masu tura finafinai a shaguna suka cika gari, sai hanyar ta rushe, kuma ba a samu guda ɗaya da ta gaje ta ba. Abin da ya tsaya a wurinta hanyoyi ne barkatai: tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da Africa Magic Hausa, sai YouTube, sai manhajojin kallo na biya irin su Northflix da Netflix, sai sinima, sai bukukuwan finafinai. Kowace da irin fim ɗin da take so, da tsawonsa, da takardun da take nema. Wanda bai zaɓi ɗaya daga cikinsu tun yana rubutu ba, yakan wayi gari da fim ɗin da bai dace da ko ɗaya ba.

Ana yawan kawo labarin Robert Rodriguez, ɗan Amurkan da ya ɗauki El Mariachi da kimanin dala 7,000, har kamfanin Columbia ya saya, don a nuna cewa hazaƙa kaɗai ta isa. Sai dai ana mantawa da abubuwa biyu. Na farko, Rodriguez ya san wanda yake yi wa fim ɗin, kasuwar kaset ta masu jin Sifaniyanci ya nufa, shi ya sa ya yi shi da wannan harshe kuma da kuɗin da kasuwar za ta iya mayar masa. Na biyu, bayan Columbia ta saya sai da ta kashe wajen dala 200,000 a gyaran hoto da sauti kafin fim ɗin ya shiga sinima a 1993. Wato abin da aka kashe don fim ya kai ga masu kallo ya ninka kuɗin ɗaukarsa sau da yawa. A yau kamfanonin da za su ɗauki irin wannan nauyi sun yi ƙaranci. Mai saye yana son fim ya zo masa a kammale.

Don haka lissafin fim daga ƙarshe ake faro shi. Kafin a ce nawa fim zai ci, a fara tambaya: irin wannan fim, da wannan harshe, da waɗannan jarumai, nawa ya saba kawowa a hanyar da na zaɓa? Idan tashar talabijin ce, akwai farashin da ta saba biya, kuma ba sirri ba ne ga wanda ya tambayi waɗanda suka taɓa sayar mata. Idan YouTube ne, kuɗin talla ne abin dogaro, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Kano ko Zinder ba ta kai darajar wadda ake nuna wa mai kallo a Jidda ko Ingila ba. Shi ya sa abin da ya yi nasara a can shi ne fim mai dogon zango, irin Izzar So da Labarina, wanda ke dawo da mai kallo mako bayan mako, har 'yan kasuwa su kawo tallarsu a saka a ciki. Fim guda na minti 100 da aka zuba wa miliyoyi ba zai mayar da kuɗinsa ta wannan hanya ba sai da ƙyar. Idan kuwa sinima ce, a tuna cewa kuɗin tikiti ana raba shi ne tsakanin gidan sinima da kamfanin rarrabawa da hukumar haraji, abin da ke isa hannun furodusa bai kai rabi ba. Lokacin da A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya haura naira biliyan 1 a farkon 2024, mutane sun riƙe adadin, ba su lura da watannin da ta yi tana tallar fim ɗin da kanta ba, ko kuma cewa gidajen sinimar da suka tara kuɗin kusan dukkansu a Legas da Abuja da biranen kudu suke. Mai fim ɗin Hausa da ya gina lissafinsa a kan wannan adadi ya ruɗi kansa.

Sai maganar da ta fi kowace gajiyar da masu fim, ita ce kuma ta fi kashe ciniki: takardu. Kamfanin rarrabawa ba faifai yake saye ba, izini yake saye na nuna fim ga jama'a, kuma ba zai biya ba sai ya tabbatar cewa mai sayarwa shi ne mai abin. Zai nemi a nuna masa sarƙar mallaka tun daga tushe. Wa ya rubuta labarin, ina takardar da ya sa hannu ya miƙa wa kamfani? Idan daga littafi aka ɗauko, ina yardar marubuciyar? Darakta da jarumai da mai ɗaukar hoto sun sa hannu cewa an biya su kuma sun yarda a nuna aikinsu a ko'ina? Mai gidan da aka yi ɗauka a cikinsa fa? Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce. A masana'antar da ta ginu kan amana da ubangida da yaro, neman mutum ya sa hannu kan takarda kan yi kama da rashin yarda, na sani. Amma ranar da fim ya samu mai saye da dala, ranar ce marubucin da aka sallama da godiya zai tuna cewa labarin nasa ne, kuma doka tana bayansa.

A nan ne tsohuwar ɗabi'ar nan ta wankiya take zama cikas. Ɗauko labarin fim ɗin Indiya a sauya sunaye, ko ɗora baitin Hausa a kan karin waƙar wani, bai hana kaset sayuwa a Bata ba, don babu wanda zai zo daga Mumbai ya bincika. Kamfanin da ke nuna fim a ƙasashe da yawa kuwa yana da lauyoyi, kuma manyansu sukan buƙaci furodusa ya yanki inshorar da za ta biya idan wani ya kai ƙara kan satar fasaha ko ɓata suna. Kamfanin inshorar ba zai ba da ita ba sai ya ga takardun nan. Ko YouTube da ake ganin ba ruwansa, yana da na'urar da ke gane waƙa da hoton wani, ta karkatar da kuɗin tallar zuwa ga mai su ko ta toshe bidiyon gaba ɗaya.

Waƙa ta cancanci a tsaya a kanta, don babu abin da ya kai ta ɗaure fim. Charles Burnett, baƙar fata ɗan Amurka, ya ɗauki Killer of Sheep a unguwar Watts ta Los Angeles a shekarun 1970, yana ɗalibi, da kuɗin da ba su wuce dala 10,000 ba. Fim ɗin ya ci kyautar masu sharhi a Berlin a 1981, kuma a 1990 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya shi cikin finafinan da ake adanawa a matsayin dukiyar ƙasa. Duk da haka ba a iya sakinsa a kasuwa ba sai 2007, kusan shekara 30 bayan kammala shi, saboda Burnett ya cika shi da waƙoƙin manyan mawaƙa ba tare da sayen izininsu ba. Sai da kamfanin Milestone ya biya kimanin dala 150,000 kafin a warware matsalar. Kowace waƙa tana da masu haƙƙi biyu, wanda ya tsara ta da wanda ya mallaki naɗin da aka yi mata, kuma izinin ɗaya ba ya ɗauke na ɗayan. A wannan fanni mai fim ɗin Hausa yana da sa'a da bai sani ba, domin mun saba a rubuta wa fim waƙarsa sabuwa a situdiyo. Abin da ya rage shi ne a rubuta yarjejeniya da mawaƙi da makaɗi cewa fim yana da izinin amfani da waƙar a duk duniya, ba iyakar lokaci, kuma a fayyace wanda zai sa ta a tasharsa. Rediyon da ke waƙa a bayan fage a wata fitowa, ko ƙarar wayar jarumi da aka sa wa waƙar wani, su ma waƙa ce a idon lauya.

Bayan takardu sai kayan miƙawa, wato jerin abubuwan da mai saye zai ce a kawo masa kafin ya saki kuɗi. Akwai uwar fim mai cikakken inganci, wadda ba a manna mata tambarin kamfani ko lambar waya ko rubutun fassara a jiki ba. Akwai sauti a rarrabe, magana daban, kiɗa daban, ƙarar ƙofa da mota da takun ƙafa daban. Wanda ya san yadda ake ɗora Hausa a kan finafinan Indiya zai gane amfanin wannan nan take: idan an cakuɗe komai wuri guda, duk wanda ya cire muryar jarumi don ya sa Faransanci ko Larabci, ya cire kiɗa da komai tare da ita. Akwai rubutacciyar maganar fim gaba ɗaya da lokacin da aka faɗi kowace, don mai fassara. Akwai jerin waƙoƙi da tsawon kowace. Akwai hotuna, kuma nan ma ana yawan tuntuɓe, domin hoton fosta a lokeshan ake ɗaukarsa, jarumi yana cikin kayan fim, da mai hoto na musamman. Hoton da aka yanko daga cikin bidiyo ba ya yin fosta, kuma tara jarumai bayan wata shida, wannan ya aske gemu waccan ta yi aure ta bar fim, ba ƙaramin aiki ba ne.

Sauti kuwa, in da za a ce in zaɓi wuri guda da furodusa zai ƙara kuɗi, can zan nuna. Sean Baker ya ɗauki Tangerine da wayar iPhone, aka nuna shi a bikin Sundance a 2015, kamfanin Magnolia ya saya. Wato mai kallo yana yafe wa hoto, amma ƙarar janareto a bayan hirar masoya ba ta gyaruwa, kuma masu tantance inganci a manyan manhajoji sukan mayar da fim saboda ita. Haka fassarar Turanci da ake rubutawa a ƙasan hoto. An daɗe ana yi wa finafinan Hausa dariya a kanta, alhali ga mai zaɓen fim a Toronto ko Wagadugu, wannan rubutu shi ne tattaunawar fim ɗin baki ɗaya. A ba wanda ya ƙware a harsunan biyu, a biya shi kamar yadda ake biyan edita.

Adana uwar fim ma shiri ne na kasuwa. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano asalin naɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin na 2018. Finafinan bidiyo nawa ne na shekarun 2000 da a yau ko masu su ba su da kwafi mai kyau, sai wanda wani ya ɗora a intanet daga tsohon faifai?

Akwai kuma hukumar tace finafinai, wadda wasu ke tunawa da ita a makon sakin fim. Ta ƙasa an kafa ta a 1993, ta Jihar Kano a 2001, kuma gidan sinima ko tasha a Nijeriya za su nemi shaidarta. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda yawancin maganarsa Hausa ce kuma Nijeriya ta tura shi gasar Oscar, sai da aka yanke masa sama da minti 20 kafin hukumar ƙasa ta amince a nuna shi a gida. Mutum yana iya ganin hukuma ta wuce gona da iri, yana iya jayayya da ita, amma furodusan da ke taɓa addini ko ta'addanci ko sarauta gara ya san tun a rubutu fitowar da za ta jawo magana, ya ɗauki wata a madadinta yana lokeshan. Harshe ma shawara ce ta kasuwa. Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed suka fito a ciki, Netflix ta saye shi a 2018 dab da a haska shi a Toronto, amma a 2019 aka cire shi daga rukunin finafinan ƙasashen waje na Oscar saboda Turanci ya rinjaya a cikinsa. Tun daga nan finafinai biyu masu Hausa suka wakilci Nijeriya, The Milkmaid da kuma Mai Martaba a 2024. Ga mai neman wannan hanya, Hausa jari ce.

To wace ƙofa za a fara bi? Tsarin da ake bi yana da muhimmanci domin wasu ƙofofin suna rufe wasu. Manyan bukukuwa irin su Cannes da Berlin da Venice suna son su zama na farko da za su nuna fim, ba sa karɓar wanda ya riga ya hau intanet. Manhajar biya ba za ta ba da kuɗin kirki a kan abin da jama'a suka kalla kyauta ba. Wanda ya ɗora fim ɗinsa a YouTube ranar sallah don ya ga yadda za a karɓe shi, ya sayar da mafi tsadar abin da yake da shi, wato kasancewar fim ɗin sabo, a farashi mafi araha. Daga mai tsada ake gangarowa: biki, sinima, manhajar biya, talabijin, sannan kyauta. Ba dole kowane fim ya bi duk matakan ba. Fim ɗin barkwanci da aka yi don masu kallo a waya ba shi da abin nema a Cannes, kuma babu aibu a hakan. Abin da nake ƙi shi ne a yi fim da kuɗin sinima a sake shi a hanyar waya don ba a yi shiri ba.

Game da bukukuwa kuma, kada a ɗauke su caca. Labarin CODA da Apple ta saya dala miliyan 25 a Sundance a 2021 yana da daɗin ji, amma dubban finafinai ake turawa wannan biki kowace shekara, 'yan kaɗan ake zaɓa, kuma cikin zaɓaɓɓun ma da yawa suna komawa gida ba mai saye. Misalin da ya fi koyarwa shi ne My Father's Shadow na Akinola Davies Jr., fim ɗin Nijeriya na farko da ya shiga zaɓin hukuma na Cannes a 2025. Kamfanin MUBI ya sayi haƙƙin nuna shi a wasu ƙasashe tun kafin a haska shi a bikin, kuma BBC Film da Cibiyar Finafinai ta Birtaniya suna cikin waɗanda suka zuba kuɗi tun farko. Masu saye sun san da fim ɗin tun yana takarda. Haka ake yi: a kai rubutu da kasafi da sunayen jarumai ga dillalin finafinai ko tasha tun kafin ɗauka, a ji abin da za su ce. Ko ba su ba da sisi ba, sun faɗa maka abin da zai hana su saye, a lokacin da gyara bai wuce canza shafi ba. Kusa da gida akwai FESPACO a Wagadugu, inda Oumarou Ganda na Nijar ya ci babbar kyautar farko a 1972, akwai AFRIFF a Legas da Zuma a Abuja, kuma zuwa can don a san mutane ya fi zuwa don karɓar kambu amfani.

Haɗarin da ke cikin gina fim a kan mai saye guda shi ma a bayyane yake. A watan Janairun 2024 Amazon ta dakatar da ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka, furodusoshin da suka kumbura kasafinsu da fatan dala suka shiga tsaka mai wuya. Shi ya sa nake ganin mai fim mai zaman kansa ya tsara kasafin da kasuwar gida za ta iya mayarwa, amma ya cika sharuɗɗan takardu da na inganci irin na kasuwar waje. Na farkon yana kare shi daga karyewa, na biyun yana barin ƙofa a buɗe, kuma yawancinsa ba kuɗi yake ci ba, kula yake ci.

Idan mai saye ya zo, saura karatun yarjejeniya. Wane haƙƙi yake saye, sinima ko talabijin ko intanet ko duka? A waɗanne ƙasashe, kuma shekara nawa? Shi kaɗai zai nuna, ko kana iya sayar wa wani? Zai ba da kafin alƙalami, ko sai an samu riba a raba? Idan rabo ne, a sa iyaka ga kuɗin tallar da zai cire kafin rabon, in ba haka ba fim zai yi ta sayuwa furodusa yana karɓar takardar da ke cewa har yanzu ba a mayar da ɗawainiya ba. A rubuta lokacin da zai kawo lissafi, da ikon ka tura akanta ya duba, da sharaɗin cewa haƙƙi zai dawo hannunka idan ya ajiye fim bai sake shi ba ko kamfaninsa ya rushe. Tashar da ke nuna fim a Nijeriya kaɗai ba ta da dalilin riƙe haƙƙin Saudiyya da Sudan da Ghana, inda Hausawa masu kallo suke da yawa. Mutumin da bashi ya ci masa wuya yakan sa hannu a kan komai, don haka a ware kuɗin lauya da na talla da na kayan miƙawa a cikin kasafi tun ranar farko, kada a taɓa su ko lokeshan ya ƙara kwana.

Kirana ga ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN da Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun 2024, shi ne su samar da samfurin waɗannan yarjejeniyoyi da Hausa da Turanci, ta marubuci da ta jarumi da ta mawaƙi da ta mai gida, su raba wa furodusoshi kyauta. Kai kuma mai shirin shiga lokeshan bayan sallah, kafin ka biya kuɗin hayar kyamara, rubuta sunayen wurare uku da kake sa ran za su nuna fim ɗinka, ka nemi kowannensu ya ba ka jerin abin da yake buƙata.